Hannun Inna da Wutsiyar Dinozor

Asabar, 5 ga Afrilu 2025, Gazawa

Mun dawo da Inna daga asibiti, Maraɗi. Tansiyo ce, hawan jini, ta buge ta, ɓarin dama ya shanye. Ƙafa tana jan ta da sanda. Hannun kuwa yana kwance bisa cinyarta kamar na aro. Magana sai kalma ɗaya ko biyu, da nauyi.

Yaya Labo ya so a wuce da ita gida Cadawa. Na ce a'a, can kowa da sabgarsa, wa zai zauna da ita? Maigidana Malam Garzali ya goyi bayana, Allah ya saka masa. Na gyara mata ɗakin littattafaina. Dinozor ɗina dai suna nan bisa kanta, ba ni da inda zan kai su.

Likita ta ba ta wata 'yar ƙwallon roba, wai ta riƙa matsawa. Matar da ta tsufa tana gina randa da tulu. Ta dube ta, ta tura ƙarƙashin katifa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ta ƙi tuwo. Fura kaɗan. Fuska ga bango tun safe.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na zauna ɗakinta ina goge dinozor ɗin, ina ta surutu ni kaɗai kamar ina gaban aji, ko za ta juyo.

Na ba ta labarin yadda abin ya kama ni. Ina jami'a a Yamai aka kai mu gidan tarihi, na tsaya ƙarƙashin ƙasusuwan wata dabba da ta fi ɗaki tsawo, aka ce a ƙasarmu aka tono ta, jihar Agadas. Sun rayu sun ƙare tun babu ɗan Adam. Da na fara koyar da kimiyya a kolej, sai na tarar yarana ba su da komai sai wani hoto dishi-dishi cikin littafi. Shi ya sa duk mai sana'ar hannu da na samu nake kai masa hoto ya yi mini.

Na ɗauko mata su ɗaya-ɗaya. Sukomimus, mai cin kifi, na Ɗanmalam mai zubin tukwanen alminiyo: bakin kada ya fito sarai, amma ya baje masa ƙafafu gefe kamar damo, alhali a miƙe suke ƙarƙashin jiki. Jobariya ta ice, ta Chindo masassaƙi daga Gidan Sori: wuyan ya yi kyau, sai ya liƙa mata kunnuwan raƙumi, wutsiya kuma tana jan ƙasa. Na fata da aka kawo mini daga Agadas, wannan kam jaki ne da ƙaya a baya. Malam cewa yake da ɗalibai ne da duk sun maimaita aji a hannuna.

Can sai na ji, "Kin gan su?"

Ta juyo ashe. Na ce ƙasusuwansu na gani, Inna. Ta taɓe baki, ta koma ga bangonta. Amma dai ta juyo.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ba lakol yau, makarantu na hutu. Yaya Labo ya zo bisa moto da buhu a baya. Sauran yumɓun Inna ne da kayan aikinta. Wai rumfar gininta zai mayar garken awaki kafin damina, tunda ita da gini sai dai labari. A tsakar gida ya faɗa, da ƙarfi, ya manta kunnenta lafiya lau. Ba mugunta ba ce, haka bakinsa yake.

Da na shiga da ruwan alwala, matashinta a jiƙe.

Bayan ya tafi na zuba yumɓun cikin bahon wanki na jiƙa. Ban san abin da zan yi da shi ba a lokacin, na dai kasa barinsa a buhu.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na kai mata curin yumɓu bisa faifai, da hoton Nijersorus. Shi ne wanda ban taɓa samu ba, ga shi sunan ƙasarmu ne da shi. Bakinsa mai faɗi, a miƙe, kai a sunkuye yana kiwo. Na ce na kai wa mutum uku, duk sun kasa.

"Wasan yara," in ji ta.

Na rufe da jiƙaƙƙen tsumma na bar shi kusa da gadonta.

Talata, 29 ga Afrilu

Babu abin da ta taɓa. Na yayyafa ruwa.

Juma'a, 2 ga Mayu

Sawun yatsu a jikin yumɓun! Na hagu ne, amma gefe guda akwai wani ɗan lotsi da nake zaton na dama ne. Na yi kamar ban gani ba. Ita ma ta yi kamar barci take.

Talata, 6 ga Mayu

Na yi abin kunya, ko kuwa ban yi ba, ni kaina ban sani ba.

Na dawo daga lakol na tarar ta gama. Jiki, wuya, ƙafafu huɗu. Da hannu ɗaya! Ta zuba mini ido tana jira. Abin da ya dace in ce shi ne sannu da aiki, Inna. Abin da ya fito daga bakina: wutsiyar tana jan ƙasa, kuma ba haka suke ba, a sama suke riƙe ta, inda aka ga sawunsu ba a ganin jan wutsiya.

Ta ɗora tafin hagu ta murƙushe shi. Sannan ta ce, "Yumɓu ne, yarinya, ba ƙarhe ba. Wutsiya ba ta tsayawa bisa iska."

Tun ranar da ta faɗi ba ta haɗa magana mai tsawon wannan ba. Na fito tsakar gida ina kuka, rabi don haushin kaina, rabi don murna. Malam ya ce, "Haba Hasiya. Mara lafiya ma sai kin yi mata jan biro?"

Laraba, 7 ga Mayu

Da asuba ina hura wuta na ji sanda tana bugun ƙofa. "Kawo hoton."

Lahadi, 11 ga Mayu

Ta samo dabara. Ta sa na karyo mata karan dawa, ta tokare wutsiyar da shi har ta sha iska ta tsaya da kanta. Wajen ɗaga wuya hannu ɗaya ya kasa, ta ce in riƙe, na ce hannuna da alli (ƙarya, yau Lahadi). Ta harare ni, ta kamo hannun dama da na hagu ta ɗora shi, ta tallafe wuyan da bayan yatsu. Yana rawa, amma ya riƙe.

Mun yi ta fama. Ta yi masa kunnuwa, na ce babu. "Dabba ba kunne?" Na ce kamar na kaza, rami ne kawai. Ta cire tana ƙunƙuni. Sai kuma na ga ta liƙa masa hantsa. Na ce Inna, ƙwai suke yi. Ta saki baki. "Wagga ƙatuwa? Ƙwai?" Ta yi dariya har da tari, bakin a karkace, ban damu ba. Da na ce haƙoransa sun fi ɗari biyar, ta miƙo mini tsinke, wai in zo in jera da kaina tunda ni na ƙirga.

Ta cinye tuwonta yau, har ta ce miyar ba gishiri.

Asabar, 17 ga Mayu

Mun gasa shi bayan gida da kara da kashin shanu, tana zaune bisa kujera tana ba da umarni. Ana cikin wuta muka ji tas. Da toka ta huce, cikin ya tsage gida biyu, kai can, jiki can.

Ta ja sandarta ta shige.

Litinin, 19 ga Mayu

Bango kuma. Tansiyo ta hau, mun kai ta likita, an ƙara magani. Laifina ne? Na ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta don in cika kantata? Malam ya ce in bar ta ta huta. Ban shiga da yumɓu ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

Ina shafa mata man zafi a kafaɗa, ba tambaya ba komai, ta ce, "Cushe shi na yi." Wai duk abu mai kauri in ba a raraƙe cikinsa ba sai ya fashe a wuta, ta sani sarai, hannun ne ba zai iya raraka ba shi ya sa ta yi shiru. Haushin kanta take ji ashe, ba nawa ba.

Na ce to a bar shi. Ta ce, "Wa ya ce a bari?" Za ta gina cikin kamar tulu, sannan ta ɗora wuya da ƙafafu. Ginin tulu kuwa hannu biyu yake so, ɗaya ciki ɗaya waje.

Lahadi, 25 ga Mayu

Yaya Labo ya zo ya same ta da yumɓu har gwiwar hannu. Ya ja ni zaure, ransa a ɓace. Wai na sa tsohuwa ƙera gumaka a ƙarshen rayuwarta, mai ya kamata ta riƙe carbi. Na ce kayan koyarwa ne, Yaya, ba wanda ke rusuna musu. Ya ce ko ma mene ne, siffar mai rai ce a ɗakin da take salla.

Na so in yi gardama, amma maganarsa ta ɗan taɓa ni. Na ce gobe zan kwashe su duka in kai lakol, can ne wurinsu dama. Ya ce ya fi.

Da ya koma yi mata sallama ya tsaya bakin ƙofa bai shiga ba. Hannun dama yana cikin tulun, tana juya shi a hankali. Ya daɗe yana kallo. Ba ta ɗago ba ta kira shi da sunan da take kiransa, ta ce, "Babba, awakinka su nemi wani wuri." Ya ce to, Inna. Muryarsa ta canza. Ya fita da sauri wai moto na rana.

Laraba, 28 ga Mayu

Ta shafe shi da jar ƙasa, ta ja masa farin zane a baya irin wanda take yi wa randunanta. Na buɗe baki zan ce ba haka launinsa yake ba, sai na tsaya. Gaskiya ba wanda ya sani, ƙashi kawai aka samu. Na faɗa mata hakan. Ta ce, "To ni na sani," ta ci gaba da zanenta.

Wuyan ya ɗan fi yadda ya kamata tsawo. Na faɗa. Ta ce na ji.

Asabar, 31 ga Mayu

Ya fito lafiya! Ta ƙwanƙwasa shi da farce, ya yi ƙara kamar sabuwar tukunya. Wutsiya a sama, baki a ƙasa, ƙafafu a miƙe. Ta gasa har da ƙwai 'yan ƙanana cikin wani ɗan kasko, ban ma san ta yi su ba.

Litinin, 2 ga Yuni

Na kai shi aji. Yara suka yi ta miƙa wa juna, ni kuma ina bin sa da ido kada ya faɗi. Na sa su nemo inda ya dace da ƙasusuwan da inda ya kauce, wasu sun gano wuyan. Wata ta tambaya daga Faransa aka kawo shi? Na ce daga Cadawa, uwata ta gina. Aji ya hau tafi.

Na ba Inna labari. Ta ce, "Wuyan nan dai sai da kika kai ƙarata."

Laraba, 4 ga Yuni

Gida take so. Bayan Salla, wai kafin ruwa ya sauka ta ga rumfarta. Na ce ba inda za ta, wa zai kula da maganinta, in ta faɗi fa? Mun yi sama-sama. Ta ce ba ta zo Gazawa don ta mutu a ɗakin littattafai ba.

Da la'asar ta aiko mini da ɗan kaskon turare, ɗanye, bakinsa a zagaye daidai. Ba saƙo. Na gane: hannun ya dawo, in bar ta ta tafi.

Talata, 10 ga Yuni

Yaya ya zo da taksi. Matarsa ta yi alkawarin magani safe da yamma, ni kuma zan riƙa zuwa duk ƙarshen mako. Da sanda ta taka har bakin mota, ta ƙi a riƙe ta. Ta ɗaga mini hannun dama. Bai kai kafaɗa ba, amma shi ta zaɓa ta ɗaga.

Lahadi, 15 ga Yuni

Ɗakin ya yi faɗi da yawa. Na shiga shara na tarar da sauran yumɓu cikin baho, a rufe da tsumma. Na ce bari in ɗan cuɗa kada ya bushe a banza, shi ke nan.

Azahar ta same ni a wurin ina gini. Uranozorus wai, mai tudu a baya. Tudun ya faɗi ya sake faɗuwa, ƙafar baya ɗaya ta fi ɗaya tsawo, kan kuwa na tunkiya ne sak. Littafin yana bisa tebur, ban buɗe ba, hannuna duk laka. Malam ya leƙo ya tambaya maki nawa zan ba shi bisa ashirin. Na ce ya fita mini.

Na kira Inna a wayar Yaya, don in ji ko ta sha magani. A ƙarshe na ce akwai wani abu da zan kawo ranar Asabar a gasa mini, ba wani abin kirki ba ne. Ta ce, "Kin raraƙe cikin?"

Ban raraƙe ba.