Saran da ke zuwa ta hagu

Litinin, 3 ga Maris

Auta ya matsa sai na gwada wasan da yake haɗawa a kwamfuta. Wai wanda bai taɓa wasa ba yake nema. "Yaya, in ka iya, kowa ma zai iya." Na gode da yabo.

Kurkuku ne a ƙarƙashin ƙasa. Ba ka ganin kanka, sai hannuwanka, takobi a dama, garkuwa a hagu. Ƙwarangwal masu gatari ke tare hanya. Ka kare sara, ka ja da baya, ka rama. In aka kashe ka, ka koma ƙofar farko hannu rabbana, ɗakunan kuma sun sake tsari. Na ce wannan ai mugunta ce. Ni da nake tuƙa motar 'yan makaranta, hanya ɗaya nake bi, kowane rami na san shi.

Laraba, 5 ga Maris

Takobin yana da nauyi daidai, na faɗa masa. In ka yi gaggawar kai sara, ka bar ƙirjinka a buɗe. Wanda ya zo ta gaba ina iyawa da shi. Amma akwai saran da ke sauka daga inda babu kowa. Allo ya yi ja, shi ke nan. Kullum ta hagu. Ko ni ne ban iya ba? Na bi a hankali, ɗaki bayan ɗaki. Wasan ne.

Alhamis, 6 ga Maris

Auta ya wuni neman kuskuren. Maman yara ta ce, "Tsofai-tsofai da kai, ƙasusuwa na koro ka."

Asabar, 8 ga Maris

Ashe Auta ya naɗi wasana na jiya. Ya ce, "Yaya, zauna." Ga ƙwarangwal ya fito ta ƙofar hagu, yana jan ƙafa, gatari a sama, ba ko sauri. Ga ni kuma na ƙura wa gaba ido kamar gunki. Na ce daga baya ka ƙara shi. Bai yi dariya ba. Ya ce in kalli hancinsa, ya miƙa hannuwansa gefe da gefe. Ta dama na ga yatsunsa. Ta hagu babu yatsu. Babu hannun ma.

Ba duhu ba ne. Da duhu ne da na sani. Wurin ne kawai babu.

Inna lillahi.

Lahadi, 9 ga Maris

Na zagaya motar. Duk ƙarcen da ke jikinta a hagu yake. Masu babur nake ɗora wa laifi, da ginshiƙin ƙofar makaranta. A gida na san inda komai yake, a hanya ma haka. Ashe hadda ce ke tuƙin. Kurkukun Auta ne kaɗai ya ƙi haddatuwa.

Litinin, 10 ga Maris

Na tuƙa. Ban gaya wa kowa ba.

A kwanar kasuwa na sauke yara, na fara ɗaga ƙafa daga birki, sai ƙwarangwal ɗin nan ya faɗo mini a rai. Na juya kai. 'Yar ƙaramar nan mai jar jaka tana tsaye daf da fitilar hagu, tana gyara igiyar jakarta. Ta ɗaga mini hannu.

Sau nawa ta tsaya a wurin?

Na kasa cin abinci.

Laraba, 12 ga Maris

Jiya da yau na ce ba ni da lafiya. Likitan ido ya ce abin ya daɗe yana ci. Za a yi ƙoƙarin tsare abin da ya rage, wanda ya tafi kuwa ya tafi. Na tambaye shi tuƙi. Ya cire tabarau yana gogewa.

A hanya Auta ya ce, "Yaya, in ba ka gaya wa shugabar makaranta ba, ni zan gaya mata." Yaron da na goya. Na zage shi. Ya koma ta damata don in gan shi da kyau.

Juma'a, 14 ga Maris

Ya sa wa ƙwarangwal sarƙa a ƙafa, a ji su kafin su iso. Wai ba don ni ba, wasan ne ya fi daɗi haka. Na ji kacau-kacau ta hagu, na juya, na ɗaga garkuwa. Na wuce hawa na farko.

Makullin motar yana teburin shugaba. Hutu kawai na ce mata ina so. Ta tambaye ni na kwana nawa, na ce zan duba. Na dai nuna wa sabon direban ramin bayan gada, da inda mai jar jaka take tsayawa.