Kada a Taɓa Sanduna Ukun Nan

Uwata,

Na tafi filin golf, ba zan jira ki dawo daga aiki ba.

Jinin da za ki gani a teburin gareji nawa ne, kada ki ɗaga hankalinki. Wuƙa ce ta zame ina yanke tsohuwar robar mariƙin sanda. Na ɗaure yatsan.

Jiya kin ce hannuna ya tsufa, in haƙura da wasan nan. To, ba hannun ba ne, robobin ne suka yi santsi. Yau da safe na sa sababbi masu kauri. Ta farko ta maƙale a rabi, ta ƙi gaba ta ƙi baya, don ruwan tina da na jiƙa salatif ɗin mariƙin da shi ya bushe kafin in tura. Na tsage ta, na sake naɗa salatif, na jiƙa shi sharkaf. Sauran duk suka shige sumul.

Na ɗauki sanduna huɗu da suka bushe. Uku na jingine a bango, ba su gama bushewa ba. Kada kowa ya taɓa, robar za ta karkace.

Mijinki kuma da ke ta zagaya sandunan nan, ki ce masa ya sayi nasa. Ba a rabon gado mai kaya na numfashi.

Babanki