Kwalaben da Suka Fashe a Garejin Tanti

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Masu shirin cewa "tir" tun ba su kai ƙarshe ba kuma, ku riƙe wa'azinku, na fi ku sanin hukuncin. Shawara na zo nema.

Ni ɗaliba ce a Greensboro, ina karatun ƙananan halittu, ina zaune gidan Tanti, ƙanwar mahaifiyata, a Pleasant Garden. A gidan akwai ƙanen mijinta, direban taksi, bari in kira shi Issoufou. Shekara biyu mutumin nan ya hana ni sakat. Da na ɗauki littafi sai ya ce, "Farfesa Kurma, yau me ƙwayoyin cuta suka ce?" A gaban baƙi yake kwaikwayon tafiyata, kowa ya yi dariya, ni in haɗiye.

A aji muka karanta yadda yis ke cin sukari, wata abokiyar karatuna ta ce babanta a kicin yake dafa giyar sha'ir da suke kira pale ale. Ni ba sha nake so ba, so nake in gani da idona. Na sayo tsiron sha'ir da yis da hops, wani fure mai ɗaci. Ranar da mutanen gidan suka tafi suna, na tafasa awa guda a babbar tukunyar Tanti, na bari ya huce, na juye a bokitin kununta mai murfi, na ɓoye bayan buhunan shinkafa a gareji. Kullum da safe ina auna zafinsa ina rubutawa a kayena, wato littafin rubutuna. Ƙa'ida a bar shi mako biyu. A kwana na shida Tanti ta ce, "Jibi azumi, wa ya ga bokitin kununa?" Sai na yi sauri na ɗura a kwalabe ashirin da huɗu tun yis bai gama aikinsa ba. Ni da na san abin da iska ke yi a rufaffiyar kwalba!

Goma ga azumi, bayan la'asar, suka fara fashewa kamar bindiga. Alhaji, mijin Tanti, ya fito ya tarar da kumfa har kan shinkafar da za a kai masallaci. Bai tambayi kowa ba. Issoufou ne ke ajiye kayan motarsa a wurin, kuma kowa ya san ya taɓa sha a Yamai kafin ya tuba. Alhaji ya ce, "Kwashe kayanka, ɗan iska!" Issoufou yana rantsuwa da bakin azumi har da hawaye, ni ina tsaye riƙe da tsintsiya. In faɗa muku gaskiya? Daɗi na ji. Wa zai zargi kurma?

Yanzu a motarsa yake kwana, a masallaci ma gaisuwarsa da ƙyar ake amsawa. Mu kuwa kullum da kunun bokitin nan muke buɗe baki, Tanti tana sa mini albarka don na wanke shi tas.

Jiya ina jiran bas a cikin gari ya tsaya gabana, ya sauke gilashi, ya ɗaga kayena. Ashe cikin kayansa ya tsince shi. "Farfesa, rubutunki akwai kyau. Har da kwanan wata." Na ce, "Ba ni abina, ɓarawo!" Ya ce, "Ba zan kai wa Yaya ba. Ni na san yadda korar take. Ke dai ki faɗa da bakinki kafin Sallah." Ya jefo mini shi ya ja mota.

Tun da nake ban taɓa tsanar sa kamar jiya ba. Wa ya roƙe shi mutunci? In na faɗa, Tanti za ta kira mahaifiyata a Maraɗi, karatuna ya ƙare. In na ƙona kayen, babu sauran shaida a duniya. Ga shi nan kan cinyata, Sallah saura kwana biyar.

Me zan yi?