Wutsiyar Maganar Baba Zuze

Matameye, Laraba, cikin Sha'aban, 1957

Zuwa ga kawuna Malam Dawuda, a Damagaram.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kana lafiya, da Inna Habi da yara, kuma ƙafar nan taka ta yi sauƙi. Mu nan alhamdulillahi, sai gajiya.

Kawu, shekaranjiya da sassafe na shiga ɗakin Baba Zuze, na tarar ya jawo buta da hannunsa mai rai. Ya wanke fuska, ya zuba wa hannu ruwa har gwiwa, ya shafi kai. Ƙafa ce ta gagare shi. Na tsaya bakin ƙofa ina kallo.

Ka san shi, tsohon nan mai gyaran injin man gyaɗa, Kirista, mutumin tsibiran bayan Dakar, wanda ya koya mini aiki. Tun damina ɓarin jikinsa ya shanye. Faransanci ya zube daga bakinsa, ƴar Hausar ma ta bi, saura Fotugis, yarensu na gida. Duk garin nan ba mai jin sa sai ni, ni ma tsinta na yi a gindin inji. Shi ya sa jinya ta faɗo kaina, ga aiki, ga kwanan zaune.

Yarensu a wutsiya yake ɓoye lokaci. Mu a gaba muke sawa: ina ci, na ci. Su kuwa komu, ina ci. Komi, na ci. Yunwa ce ta koya mini wannan, ranar da na ce masa komi alhali ko kunu ban sha ba, ya cinye shinkafarsa ina kallo. Haka nan in sun ce so, wato ni ne. Era, da can ni ne.

To, da ya ajiye butar ya dube ni, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ce era kirishtawu. Wato da can ni Kirista ne. Daga nan bai sake magana ba, ruwa ma da cokali nake ba shi.

Na je wa liman. Ya ce wutsiyar kalma ba shahada ba ce, in ya cika ba zai yi masa salla ba, sai dai a kai shi bayan gari inda babu kowa. Amma in malami irinka ya rubuto, zai duba.

Ba zan ɓoye maka ba, Kawu, ban ji shahada a bakinsa ba. Kuma tun da ya kwanta, komai era yake ce masa. Era mai gyaran inji, era mai ƙarfi, har sunansa ma era Zuze. Wataƙila addini ya bari, wataƙila duniyar ce baki ɗaya. Na juya kalmar nan har kaina ya yi nauyi. Abin da na gani dai na gani.

Don Allah ka ba da amsa ga direban kamyon, babbar motar da ta kawo wannan takarda, jibi zai juyo. Ban sani ba ko tsohon zai kai.

A gaida Inna da mutanen gida duka. In ana son shaida, ba ni kaɗai ba ne. Uwa mai kunu tana bayana da ƙwarya, Sha'ibu mai gadi yana leƙe ta taga. Ba su san era ba, amma sun ga butar, sun ga yatsan.

Ni ne ɗanka,
Almu