Na ga kuskuren albasa cikin wasan jikana, na yi shiru

Assalamu alaikum, 'ya'yana masu wannan shafi. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah kada ku zage ni, na isa haihuwar uwayenku. Ban yi lakwal ba, ban iya karatun boko ba. Ɗiyar ƙanwata ke rubutawa, ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba.

Ni mutuniyar ƙasar Malbaza ce, cikin garkar albasa na tsufa. Ina da jika a Yamai, ni na goye shi. Aikinsa gwada wasannin salula kafin a sake su: ya buga, ya sake bugawa, in ya ga inda ya karkace ya rubuta wa masu ƙirƙira su gyara. Bara ya taho da patron ɗinsa, maigidansa na wurin aiki, da wani wasa na koya wa matasa noman albasa. Ya ce, "Tsohuwar matata, yau ke ce malama. Duba, inda aka yi ƙarya ki faɗa." Na ce, "Miji maras cefane, miƙo."

Ya danna, ina kallo. Aka yafa iri, aka dasa, duk daidai. Sai na ga ɗan mutumin cikin salula yana ban ruwa har ranar cira, ya yanke ganye ɗanye, ya zuba cikin rudu, inda muke ajiyar albasa. Wa ke haka? Albasa sai an yanke mata ruwa kwanaki, ta sha iska, in ba haka ba ruɓewa take tun daga wuya. Amma baƙo na zaune kan tabarmata, ya sha furata, yana murmushi. In ce aikinsa banza ne a gaban yaronsa? Patron ya ce, "Inna, yaya?" Na ce, "Ya yi kyau, Allah shi yi albarka." Jikana ya rubuta cewa tsofaffin manoma sun duba sun yarda, ya sa hannu.

Bana wasan ya shigo garinmu. Matar maƙwabcina, wadda mijinta ya tafi ci-rani ya bar mata garka, ta bi abin da wasan ya koyar tiryan-tiryan. Ranar da ta buɗe rudunta, wari ya kai har zaurenmu. Ta zauna a ƙasa tana tsintar masu rai, ta ce mani, "Inna, an ce fa tsofaffi sun gwada." Na ce Allah shi mayar da alheri. Ban iya haɗa ido da ita ba.

In na yi magana, sa hannun jikana ne a takarda, kuma ya taɓa gaya mani mai gwajin da kuskure ya wuce shi ba ya daɗewa a buro, korarsa ake daga aiki. In na yi shiru, ga dashe ya kusa, wasu za su bi. Jiya ya kira yana dariya, wai za su kawo mani na tumatir in duba.

'Ya'yana, me zan yi?