Harsashi na Biyu Ba Nawa Ba Ne

Zuwa ga Yayana, marigayi Garba maharbi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ba zan tambaye ka gajiya ba, kai ka huta, mu da ka bari mu ne da ita. Na san saƙo ba ya zuwa inda kake, na kuma san akwai masu leƙen wannan a waya suna jiran su ga Sale ya yi kuka. Su yi ta jira. Ƙara na kawo, kuma kai nake ƙara.

Inna tana London wurina. An yi mata aikin ciki a babban asibitin nan na Camberwell, likitoci sun ce aiki ya yi kyau, saura ta ci abinci ta yi ƙarfi. To a nan aka tsaya. Ta ƙi ci. Matata Hajara ta yi tuwo da miyar kuka, ta yi fate, ta yi farfesun kaza, Inna ta kalla ta kau da kai. Hannunta ya koma kamar sillen kara. An ce in aka ci gaba a haka sai dai a zura mata roba ta hanci, kai kuwa ka san Inna da kunyar a ga an mayar da ita jaririya.

Ran nan ta juya wa bango ta ce, "Da Garba na nan, da na sha romon naman daji." Ba da ni take ba. Amma ni kaɗai ne a ɗakin.

Ka san sana'ata. Shagona na Peckham, daga doya har daddawa, babu abin da Bahaushe zai yi kwaɗayi a garin nan na kasa samo masa. Na buga waya nan da can, aka kawo min naman barewa, yankan Musulmi, a leda mai hatimi. Hajara ta dafa. Inna ta taɓa da bakin cokali ta ce wannan dabbar dusa ta ci, ba ta taɓa gudun kowa ba. Na bincika, ashe gaskiyarta, a gona ake kiwonsu kamar awaki.

Kai ka ɓata mata baki, Yaya. Kai ne ke saukowa daga duwatsun Toro da gada a kafaɗa, karnuka na binka, ita kuma ta ɗora tukunya tun kafin ka yi sallama. Ni a lokacin ina bakin kasuwa ina koyon yadda ake sa wanda ya zo kallo ya koma da kaya. Ka sha ce min, "Kai Sale, bakinka ne bindigarka." Ana dariya, ni ma ina yi. To ga shi ka tafi ka bar ni da uwar da ba ta cin abin da baki ya harbo.

Akwai wani kwastomana, Dakta Isiyaku, ɗan Zariya, wanda ba shi da aiki in ya tashi daga asibiti sai kallon Amurkawa a waya suna bin wata ƙatuwar barewa a ƙafa cikin duwatsu. Shi ya ce ai a Scotland ma akwai 'yar'uwarta, shi yana zuwa farautarta duk shekara. Ya yi mana booking, wato ya kama mana ranar farauta, muka hau jirgin ƙasa har inda layi ya ƙare, muka hau mota har inda kwalta ta ƙare, daga nan sai ƙafa.

Yaya, wannan ba farauta ba ce, horo ne. Ba kiɗa, ba kirari, ba kare ko ɗaya. Bindigar ma ba a ba ka ka rataya, wani dattijon Bature mai jagora ne ke riƙe da ita, sai ka fara harbin allo ya yarda da hannunka. Duwatsun ba bishiya, ba inuwa, sai wata jar ciyawa da ruwa a ƙarƙashinta. Ka taka wuri kamar tudu, ka nutse har gwiwa. Ruwan sama ba daga sama yake zuwa ba, daga gefe yake zuwa, kamar da gayya. Ga wasu ƙananan ƙwari da ba ka ganinsu sai dai ka ji kunnenka na wuta. Sannan aka ce kada na yi magana. Ni! Tun da aka haife ni ban taɓa yin shiru mai tsawon wannan ba sai a sallah.

Mun hango garken tun da hantsi. Na ce a raina to alhamdu lillahi, a harba a tafi. Sai Baturen ya tsinki ciyawa ya watsa, ya ga inda iska ta kai ta, ya girgiza kai. Muka zagaye dutse guda, ni ina baya ina haki. Da muka kusa, iska ta juya, suka ɗaga kai suka haura wani kwarin. Muka sake. Azahar na yi ta a kan rigar ruwa, goshina cikin taɓo. Ƙarshenta da ciki muka yi ta ja, ni da tumbin nan nawa da na tara da zufata, ina jan sa a kan duwatsun Turawa.

Sai ga babban namijin garken tsaye. Girman gwanki, ƙaho kamar reshen bishiya, yana wani ruri da na ji har cikin haƙarƙarina. Aka miƙo min bindiga. Na yi bisimilla, wannan kam na rantse, har Dakta ya ji. Na harba. Ya yi tsalle, ya ranƙwafa, ya fara jan ƙafa zai gangara. Kafin na san abin da ake ciki, Baturen ya fizge bindigar ya sake masa wani harsashin, naman ya faɗi. Ya ce su haka suke yi, ba a barin dabba da rauni tana wahala. Ban ce ba shi da gaskiya ba. Amma ka ga inda ya jefa ni.

Na ruga da wuƙa, na faɗi, na tashi, na isa, na juya shi gabas na yanka. Jini ya fito. Mun sauko da shi da ƙyar, na sake ciniki da masu wurin, don a can wanda ka harba ma ba naka ba ne sai ka saya. Na iso London da cinya da gadon baya cikin ƙanƙara, ina tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya.

A jirgin ne Dakta ya ce, cikin muryar nan tasu ta likitoci, ya kamata dai a tambayi malamai. Da ma ya yi shiru.

Malami na farko ya ce in yana da rai lokacin da na yanka, ya halatta. Ya tambaye ni ko wutsiyarsa ta motsa, ko ya ƙifta ido. Yaya, ni da numfashina ke neman fita, ina na ga wutsiya? Na biyu ya ce a duba wane harsashi ne ya kashe shi. Da wa za a duba? Na uku ya ce in mai harbi na biyu ahlul kitabi ne da sauƙi. Na kira Baturen na tambaye shi ko yana zuwa coci, ya yi dariya ya ce in ana aure ko jana'iza. Na mayar wa malam, ya ce to wannan sai an sake nazari. Kafin kwana biyu maganar ta shiga group ɗin 'yan Arewa na waya, mutanen da ko kaza ba su taɓa yankawa ba suna ta turo fatawa. Nama na firiza, Inna na ramewa.

Kai da kallo ɗaya za ka san ko da rai ko babu. Kai da ba za ka ma bar wurin harbi na biyu ba. Kullum kana cewa na zo mu hau dutse, ina cewa ranar kasuwa ce. Me ya sa ba ka ja kunnena ka tafi da ni dole ba? Wane irin wa ne kai da ba zai iya tilasta ƙaninsa ba?

Hajara ta ce na dafa kawai na kai mata, wa zai faɗa? Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye maka ba. Bakin nan nawa zai iya. Amma na zauna gefen gadon Inna, ta kalle ni da idon nan da ke gane ko yaro ya yi alwala ko ruwa kawai ya shafa, sai na ji ina ba ta labarin duka, har da wutsiyar.

Ta saurara har ƙarshe. Ta ce ita da ke bakin hanya ba za ta je wa Ubangijinta da abin shakka a ciki ba, a kai wa Maman Dauda, maƙwabciyarmu Kirista 'yar Jos, su ci da yaranta. Wallahi na ji kamar na kwanta a ƙasan asibitin nan. Jiya ƙamshin farfesun ya cika benenmu, ina jin su suna ta santi ta bango.

Ran nan a asibitin, na tashi zan fita, sai Inna ta riƙo bakin rigata. Ta ce kai ma ba kullum kake dawowa da nama ba, sau nawa ta sauke tukunya da ruwa zalla. Ta ce na koma dutsen. Na ce Inna, an rufe lokacin harbin mazan barewar, sai lokacin harbin matan ya kama, da sauran makonni, ke kuma ba kya ci. Ta ce a kawo kunu. In na yi alkawarin komawa, za ta riƙa sha har na dawo, in kuma na fasa, ita ma ta fasa.

Na shekara nawa ina ciniki, ba a taɓa ɗaure ni irin wannan ba. Ta shanye rabin kofi a gabana, tana yamutsa fuska, tana kallona kada na ce ban gani ba.

To ka ji. Na sake booking. Duk Lahadi Dakta na kai ni filin koyon harbi a bayan gari, kafaɗata ta yi baƙi. Baturen ya ce sharaɗinsa na nan, in na raunata zai ƙarasa. Ke nan harbi ɗaya gare ni, kuma ba ni da wanda zan tambaya inda ake sa shi sai kai.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka, Ya haɗa ka da Baba a Aljanna. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya bar mana ita. Ni kuma Ya tsayar min da hannu ranar nan, ko da sau ɗaya ne a rayuwata. Amin.

Ƙaninka da har yanzu yake fushi da kai,
Sale