Bong-gu Ya Sha Shekara Uku

Busan, farkon sanyi, 1985

Baban Bong-gu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a can Saudiyya. Yaya zafi, yaya kuma kunnen nan naka? Ka ce ƙurar siminti tana damunsa. Ka riƙa toshe shi da auduga yadda na gaya maka, kada ka yi mini taurin kan gidanku. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. An jibge mana gawayin sanyi, kuma ni da Mal-ja, maƙwabciyar teburina a kasuwar kifi, mun gama cusa kimci, kabejinmu mai barkono na ajiyar sanyi, a randuna. Har yanzu yatsuna raɗaɗin barkono suke yi, in ka ga rubutun ya karkace ka san dalili.

To, ɗanka ya ishe ni. Dokar da ka kafa ranar da za ka tafi, cewa ba zai taka ɗakin horon damben Baba ba sai ya kai sha biyu, tana nan daram, ban sassauta ba. Shi ma bai taka ba. Amma ka san gidan, ɗakin horo a ƙasa, mu a sama, taga a daidai matakala. Da an tashi makaranta nan yake tarewa, hanci manne da gilashi, a cikin wannan sanyi. Shekaran jiya na nemi matashin kaina na rasa. Ashe ya zazzage shi, ya ɗura masa yashin bakin teku, ya rataye a igiyar shanya yana ta dukan abinsa. Na kai ƙara wurin Mal-ja, ta bushe da dariya har wuƙa ta faɗi daga hannunta, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ce mata ai barewar tawa da kunne ɗaya ta tsira.

Kada ka ɗauka na manta dalilinka. Baba ya sa maka safar dambe kana ɗan shekara shida, yana haɗa ka da waɗanda suka girme ka, ranar da kunnen ya fashe kuma ya ce ka share hawaye ka ƙarasa zagayen. Shi ya sa har yau sai na zagayo damanka in ina son ka ji ni, shi ya sa kuma kai da mahaifinka kuke gaisawa kamar baƙin da suka haɗu a tashar mota. Ina bayanka a wannan magana. Yaro ɗan shekara tara ba shi da abin yi a inda ake dukan kai.

Gaskiya ɗaya dai zan faɗa wa tsohon: bai taɓa roƙona ba. In ya hangi jikansa a taga, juya baya yake yi ya shiga yi wa samarin tsawa. Abin da ke damuna daban ne. Hannunsa na dama ya soma rawa. Jiya tsinkayen cin abinci suka suɓuce masa sau biyu, ya ce sanyi ne. Ni kuwa ban yarda ba, don kusa da murhu yake zaune. Zan ja shi asibiti ko yana so ko ba ya so.

Ka ci abinci sosai, ka rage taba. Bong-gu ya ce in gaya maka yana cikin na gaba-gaba a lissafi, ka dai rage wani abu daga ciki.

Matarka,
Sun-rye

Busan, bayan sabuwar shekara, 1986

Baban Bong-gu,

Barka da shiga sabuwar shekara, Allah ya sa ka shige ta da ƙoshin lafiya. Saƙonka ya iso, Baba ya sa rigar sanyin da ka aiko, ya ce ta yi masa yawa, amma bai cire ta ba tun ranar. Ko kun sami romon wainar shinkafar nan mai ƙara wa mutum shekara a can, ko haka kuka ƙara shekara da baki bushe? Na zuba naka kwanon na ajiye a gefen tebur, daga baya ni na shanye.

Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa. Na kai Baba asibiti. Likita ya ce ciwon rawar jiki ne, ba ya warkewa, magani sai dai ya rage masa gudu. Ya ce mai yiwuwa dukan da ya sha a samartaka yana da hannu a ciki. Na tambaye shi ko har yaushe zai iya tsayawa yana koyarwa. Ya ce watakila shekara guda, in an yi sa'a ta ɗan ɗara, daga nan ƙafa za ta bi hannu, kuma mantuwa tana iya biyowa. A hanyar gida Baba ya tsaya ya sayi gasasshen dankali ya ce in kai wa yaron.

Na amayar wa Mal-ja da komai a kicin ina kuka, ban san ɗanka yana bayan ƙofa ba.

Ranar sabuwar shekara ya yi wa kakansa gaisuwar goshi a ƙasa tsaf, aka zauna cin abinci. Yaron ya shanye kwanon romonsa, na ce to, an zama ɗan shekara goma. Sai ya miƙo kwanon. Na ƙara masa, ina cewa yau kuma ci ya buɗe, yaron da sai na bi shi da cokali. Ya gama ya sake miƙowa. Kwano na uku da ƙyar yake haɗiya, gumi na keto masa, idanu sun yi ja, na ce ya bari ya ƙi. Ya share har romon ƙasa, ya ajiye cokali, ya gyara zama gaban Baba.

"Kaka, kwano ɗaya shekara ɗaya ne, ku kuka ce. Na sha uku. Yanzu sha biyu nake."

Ni da Mal-ja, da ta shigo gaisuwa, muka kwashe da dariya, don wane yaro ne bai taɓa gwada wannan wayo ba? Har ta ce to ita daga bana ta daina sha, ko ta tsaya a inda take. Amma shi bai yi dariya ba. Ya ce in ya jira sha biyun gaske, Kaka ba zai iya tsayawa ba, ya ji likita ya faɗa. Baban Bong-gu, ji na yi kamar an watsa mini ruwan ƙanƙarar da muke zuba wa kifi.

Baba ya daɗe yana kallonsa, ya danne hannun daman da na hagu a kan gwiwa. Na ɗauka zai ce to. Sai ya ce, "Kai, ɗan ƙaramin ɓarawo, romo ba ya ƙara ƙashi. Ubanka ya ce sha biyu. Sha biyun ubanka nake jira." Ya tashi ya sauka ƙasa, ranar da babu ko ɗalibi ɗaya a ɗakin, muna jin ƙarar buhun naushi har la'asar. Ɗanka kuwa ya mayar da shekarunsa biyu a bayan gida, ya wuni kwance riƙe da ciki.

Kwana da kwanaki ina juya abin nan, kifi ma na riƙa yanka wa mutane ba daidai ba. Ka san ni ba na kwana-kwana, ga ra'ayina. Sha biyunka daidai ne, ko sha huɗu ka ce ba zan musa ba, in maganar a daki kan yaro ake yi. Na koma wurin likitan na tambaya, ya ce kan yaro bai gama ƙwari ba, kada a kuskura. Amma ya ce tsallen igiya da gudu da koyon tsayuwa ba su da laifi ko kaɗan. Ni ma da na riƙa leƙawa ta tagar ɗanka, na ga rabin abin da ake yi a ɗakin nan ke nan. Ba naushi yaron nan yake nema ba, kakansa yake nema, kuma lokaci ba ya jiranmu.

Ba zan karya maganarka a bayan idonka ba, Baba ma ya nuna ba zai karya ba. Kai kaɗai za ka iya buɗe ƙofar nan. In ka ce a'a, a'a ce, ba zan sake tayar da zancen ba, kuma ba zan riƙe ka a zuciya ba, don kunnenka ne ya biya kuɗin dokar, ba nawa ba. Amma ka amsa da wuri, ka san wasiƙa tana daɗewa a hanya.

Ina kewarka fiye da yadda zan iya rubutawa a takardar da Mal-ja za ta kai gidan waya, don na san halinta.

Taka,
Sun-rye

Busan, shigowar bazara, 1986

Baban Bong-gu, mijina,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan jikin da ka ce ya ɗan motsa ya lafa. Mu duk lafiya, Baba yana shan maganinsa, ko da yake sai na tsaya a kansa kamar ɗan sanda. Sanyi ya tafi, kifi ya yi araha, Mal-ja tana gaishe ka.

Wasiƙarka ta zo bayan na fara fidda rai. Kai dai ba ka canza ba! Na rubuta maka shafi uku, ka mayar mini da layi huɗu. Amma na sumbaci layukan nan, ka ji na faɗa. Na karanta wa Baba yadda ka rubuta: yaro ya fara, igiya da tsayuwa da buhu kawai, kada kowa ya taɓa masa kai har sai ka dawo ka tsaya a wurin da kanka. Ya karɓi takardar ya kai ta kusa da ido, yana neman ko akwai wani abu a baya. Na ce masa ka ce a gaishe shi. Ka yafe mini wannan, kuma in za ka sake rubutu ka gaishe shi da gaske.

Ranar Asabar aka fara. Na bar wa Mal-ja teburina na dawo, don ba zan bari a ba ni labari ba. Ɗanka tun safe ya yi wanka ba a ce masa ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Da ya zo bakin ƙofar ɗakin sai ya tsaya cak, ya rusuna, kamar mai shiga wurin ibada. Samarin suna ta tsokanarsa, wai ga zakaran duniya ya iso, a ba shi hanya kada ya kashe wani. Baba ya daka musu tsawa guda, wurin ya yi tsit.

Ya sa shi tsallen igiya har ya harɗe ya faɗi ba adadi. Ya koya masa inda zai ajiye ƙafa, yana tura masa diddige da nasa. Wani abin mamaki, in Baba ya ɗaga hannu zai nuna naushi, rawar sai ta ɗauke ɗif, hannun ya fita a miƙe kamar na saurayi. Da ya sauke sai ta dawo. Na tsaya a matakala ina kallo, ina ji a raina da kana nan.

Daga ƙarshe ya ce a kawo ƙaramar safa, yaro ya ɗan taɓa buhu. Nan ne aka sha wuya. Baba ya durƙusa a gaban yaron zai ɗaure masa igiyar safar, yatsu suka ƙi. Ya kama, ta suɓuce, ya sake kamawa. Wani daga cikin samarin ya matso zai taimaka, Bong-gu ya girgiza masa kai. Haka ya tsaya da hannuwa a miƙe, bai motsa ba, bai ƙosa ba, wannan yaro da ba ya iya zama wuri ɗaya ya gama cin abinci. Ɗakin gaba ɗaya aka daina motsi ana jira. An daɗe, har hannun yaron ya fara sagewa, sannan ƙullin ya kamu.

Baba bai tashi ba. Ya riƙe safar da hannu biyu, ya ɗaga kai ya dubi fuskar yaron, ya kai tafinsa ya rufe masa kunnen hagu a hankali. Sai ya kira shi da sunanka.

"Yong-dal, in ka ji ciwo ka gaya mini. Sai mu tsaya."

Bong-gu ya waiwayo ya dube ni, na yi masa alama ya yi shiru. Ya juya ya ce, "To, Baba."

Ban sani ba ko mantuwar da likita ya faɗa ce ta fara, ko kuwa tsohon ya san sarai abin da yake yi. Ban tambaye shi ba, ba kuma zan tambaya ba. Na haura sama na zauna na yi kukana har ya ishe ni, sannan na ɗauko takarda, don maganar ba ta yaron ba ce, taka ce, ta dai yi latti a hanya. Ga ta nan na aiko maka yadda aka faɗe ta, ban ƙara ba, ban rage ba.

In kwantiraginka ya ƙare a lokacin kaka, kada ka sabunta. Ka dawo tun Baba yana iya tsayawa.

Matarka mai jiranka,
Sun-rye